Muguwar Iskar Dada

Tun ranar da na dawo makaranta da bandeji a yatsuna uku ba ku bar ni na huta ba. Zulai ta tare ni a layin taron safe, Murja ta biyo ni har bakin famfo, jiya kuma na ji ana cewa wai aljani ne ya ƙona ni a Kano. Kun san ni, idan idanu suka yi mini yawa harshena nauyi yake yi. Shi ya sa na yago tsakiyar littafin lissafina na rubuta muku. Wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma don Allah kada a shafa masa man awara.

Sai kun fara sanin Dada. Ita ta haifi Abbanmu. A wata ruga kusa da Aujara ta yi duk rayuwarta, sai bara da ƙafafunta suka fara kumbura Abba ya ɗauko ta ya dawo da ita gidanmu a Takur, cikin Dutse. Ba ta kiran Abba da sunansa saboda shi ne ɗan fari, sai dai ta ce “wancan”. Ni kuma Mujiya take ce mini, wai ido gare ni ba baki. Ba ta taɓa cewa wani wuri yana mata ciwo. Ko a kwance ka same ta ka ce yaya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Ni kaɗai na lura cewa idan ta ɗauka ba mai kallonta takan danna babban yatsanta a gefen ƙirjinta na hagu, ta riƙe numfashi, ta jira abin ya wuce.

Ummanmu da gas take girki. Dada ta ce tuwon da bai ji hayaƙi ba abincin asibiti ne. Ta sa aka kawo mata duwatsu uku, ta kafa murhunta a ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, ta shiga ta turo ƙofa don kada iska ta watsa mata wuta. Idan ta fito idonta jawur, tana tari, tana murmushi.

Likitan da yake duba ta a Dutse ya ce hawan jininta ya ƙi sauka, ya rubuta takarda a kai ta Kano a yi mata hoton zuciya. Satin kuwa ana tantance ma'aikatan gwamnati, wanda bai bayyana ba sunansa ma'aikacin bogi, don haka Abba ba shi da halin motsi. Umma tana jego. Sai tafiyar ta faɗa kan Goggo Hajara, ƙanwar Abba da take aure a Garki. Goggo tana sayar da turaren wuta, kuma tana da wata baiwa: rabin magana take ji, ragowar rabin ta ƙarasa da kanta a waya. Ni an haɗa ni da su ne don in riƙe fayil in karanta Turanci.

Motar da muka samu a tasha an ƙera ta ne don mutum bakwai, mu goma muka shiga. A ƙarƙashin ƙafata akwai wani rami da nake ganin kwalta tana gudu ta cikinsa, ta nan kuma hayaƙin salansa yake hawowa ya gaishe mu. Abin murɗa gilashi guda ɗaya ne a duk motar, yana aljihun direba, sai ka roƙa a miƙo maka kamar aron ludayi, ka murɗa ka mayar. Da wani fasinja ya yi ƙorafin hayaƙin, direban ya ce motar da ba ta hayaƙi ai matacciya ce. Dada ta gyaɗa kai. Wannan ne mutum na farko da suka yi ra'ayi ɗaya da shi a tafiyar.

Kafin Kwanar Huguma na nuna wa Dada allon da ke cewa mun bar Jigawa mun shiga Kano. Ta leƙa ta duba gonar dama ta duba ta hagu, ta ce dawar nan da waccan ai uwarsu ɗaya. Ta ce lokacin da suke bin hanyar nan da shanu a ƙafa duk Kano ce, ba wanda ya zo ya gaya mata an raba. Wadda ta san an ƙetare iyaka ita ce Goggo. Muna wuce allon ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta fito da gilashin rana daga jaka, muryarta ta koma ta hanci. Ta daina ce wa direba Malam, ta koma “kai direba”.

A Wudil aka tsaya shan mai. Masu talla suka rufe motar, rake da gurasa da dafaffen ƙwai suna shigowa ta kowace taga. Wata mai nono ta miƙo wa Dada ludayi ta ɗanɗana. Dada ta sunsuna kawai, ta yi mata wata gajeriyar magana da Fulatanci. Matar ta rufe baki tana dariya, ta mayar da ƙwaryar, ta jawo wata ƙarama daga ƙarƙashin faifai. Ashe nono biyu ne a Wudil: na matafiya, da na wanda ya san nono.

Daga Mariri na fara ganin abin da ba a gaya mini ba game da Kano. Kowa yana ba ni labarin gadar sama da manyan shaguna, ba wanda ya ce mini garin yana da murfi. A Dutse idan ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango duwatsu har da awakin da ke kansu. A can kuwa iyakar ganinka bayan motar da ke gabanka, ita ma tana hura maka baƙi a fuska. Adaidaita sahu kamar an zazzage su daga buhu. Nan ana ƙona bola, can ana babbake ƙafar saniya da tsohuwar taya, gaba kaɗan mai walda da janaretansa. Muka makale a bayan wata tifa kusan rabin awa. Na share fuskata da gefen farin hijabina, sai ga hoton hancina ya fito a jiki. Na waiwaya na ga yatsan Dada a ƙirjinta. Goggo tana waya, tana gaya wa wata cewa mun shigo birni lafiya, iskar ma daban ce.

Gidan Baffa Sale muka sauka, ƙanin Abba. Ɗaki biyu yake haya a wani gida mai 'yan haya shida, kowanne da ɗan janaretansa, an jera su a lungun shiga an ɗaure da sarƙa kamar awaki. Da magariba aka ɗauke wuta, sai duk shidan suka tashi lokaci guda. A can idan za a gaisa sai an matso kusa da kunne.

Matarsa Anti Bilki mutuniyar kirki ce, kuma da kirkin nata ta kusa gamawa da mu. Don girmama surukarta ta cika kasko da turaren da Goggo ta kawo tsaraba, ta zaga da shi ɗakin har na daina ganin agogon bango. Ta kunna maganin sauro guda biyu, ɗaya wajen kan Dada ɗaya wajen ƙafarta. Ta rufe taga saboda sauro, ta saki labule saboda maƙwabta. Ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji, gishirin ciki ya isa a jiƙa fata. A gidanmu baƙo ruwa ake fara ba shi. A can sai an turara shi tukuna, kamar sabuwar tukunya. Da safe Baffa ya tambayi Dada yaya ta kwana, ta ce da sauƙi. Leɓenta kuwa ya yi wani duhu da ban saba gani ba.

Asibitin ba zan ba ku labarin layinsa ba, don littafin lissafin ba zai isa ba. Mace ce ta yi hoton, Allah ya taimake mu, don da namiji ne da Dada ta gwammace ta koma Aujara a ƙafa. Aka shafa mata wani abu mai sanyi kamar koko, sai ga zuciyarta a talabijin, tana buɗewa tana rufewa a hankali kamar bakin kifin da aka fito da shi daga ruwa. Dada ta kalla ta kau da kai, wai bai kamata mutum ya ga cikinsa ba.

Daga nan aka shigar da mu wurin likitan zuciya. Saurayi ne mai gilashi, sunansa na Hausawa, fuskarsa ta Hausawa, amma Hausar tasa kamar aro ya yi zai mayar da yamma. Ya duba hoton ya fara zuba Turanci. Goggo ta ce, “Likita, ka dawo gida mana.” Ya yi dariya, ya fara neman kalmomi yana kaɗa biro a iska. Da ƙyar ya kamo wasu, ya ce:

“Mama, ban da shekaru da hawan jini, akwai wata muguwar iska da ta daɗe tana shiga jikinki. Ita take taɓa zuciyar da hanyoyin jini.”

Goggo ta dafe ƙirji ta yi salati. Kafin ya sake buɗe baki ta zaro waya ta yi waje, takalminta ɗaya yana shirin cirewa.

Saura ni da Dada, don haka mu biyu muka ji ragowar. Ya tambaye ta da me take girki. Ta ce da abin da ake girki, itace da kara, in babu a haɗa da busasshen kashin shanu. Tun yaushe? Tun ba a haifi babansa ba. Ya ce rufin ɗakin girkinta wane launi ne? Ta ce baƙi, kamar na duk gidan da ake cin abinci. Ni na san rufin nan na Aujara, kunkunniya har reto take yi kamar gemu.

Da ya ga ina rubutu a bayan fayil sai ya juyo gare ni, yana haɗa Hausa da Turanci, ya jawo takarda ya zana wani abu kamar tiyo. Ya ce a cikin hayaƙi akwai ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani. Ba a maƙogwaro suke tsayawa ba, har can ƙarshen huhu suke kaiwa, wasu ma su ratsa su shiga jini. Su ne suke tsokanar bangon hanyoyin jini, ya yi ta kumburi yana tauri, hanyar tana ƙara matsewa, jini yana saurin daskarewa, ita kuma zuciya tana ta turawa da ƙarfi har ta gaji. Ya ce mutane suna ɗauka hayaƙi tari kawai yake sawa, alhali yana kaiwa ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ya rubuta a ƙarƙashin zanen: itace a rufaffen ɗaki, janareta, ƙona bola, salansar mota, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta. Ya ce a rage gishiri, a sha magani kullum, gobe a dawo karɓar sakamakon jini. Sannan ya cire gilashin ya ce mini zuciyar nan ba ta da sauran rara, hayaƙi mai yawa a lokaci guda zai iya tsayar da ita. Wannan da Hausa ya faɗa, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Kafin mu kai bakin ƙofar asibiti labari ya riga ya isa Garki da Aujara ya dawo. Iskar ta samu suna, ta samu gida: wata tsamiya ce a bayan ruga. An samu wadda ta tuna ranar da Dada ta watsa ruwan zafi a gindinta ba bisimilla. An samu wanda ya ce dama shi ya daɗe yana zargi, don idon Dada yakan yi ja da yamma.

A cikin adaidaita na tattara duk ƙarfina na ce, “Goggo, likita fa cewa ya yi…” Wata mota ta danna ham, Goggo ta ce in riƙe fayil da kyau. A gida na sake gwadawa, Baffa Sale ya ɗaga mini hannu ya ce manya suna magana. Shi abin ma daɗi ya yi masa. Yana ta maimaitawa cewa yau ga likitan boko da na'urarsa ya ga iska ƙiri-ƙiri a talabijin, sai a gaya wa Yaya, wato Abba, mai cewa komai asibiti. Na uku sai na fito da takardar zanen na miƙa wa Anti Bilki, don ita ta yi sakandare. Ta karɓa ta ce yawwa 'yar albarka, dama abin da take nema ke nan. Ta murɗe ta, ta kyasta ashana, ta cusa a ƙarƙashin gawayi.

Kun san maganin iska a wurin mutanenmu. Hayaƙi.

Bayan la'asar wani mai hayaƙin korar aljanu da aka kira ya iso a kan babur mai lasifika, da jaka cike da ƙulle-ƙullen leda. Bai tambayi Dada inda yake mata ciwo ba. Ya kalle ta daga nesa ya ce tsohuwar iska ce, irin ta daji, sai an haɗa mata da barkono. Ya sa aka rufe taga, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Aka zaunar da Dada a tabarma, aka ajiye kaskon garwashi a gabanta, ya barbaɗa garinsa, aka ɗauko bargo. Ya gargaɗe mu cewa za ta yi tari, kada tausayi ya kama kowa, ba ita ce take tarin ba.

Kafin a rufa mata bargon Dada ta kalle ni. Ina tsugune a lungun ƙofa da fayil a ƙirjina.

Ta fara tari. Mu ma da muke wajen bargon muna yi. Goggo tana hawaye tana cewa fita, fita, ba gidanka ba ne. Mai hayaƙi ya ƙara gari. Tarin ya yi ƙarfi, ya koma wani irin shaƙuwa, sai kuma ya tsaya. Mutumin ya ce alhamdulillahi, ya fara laushi.

Ni ba fuskarsa nake kallo ba. Gefen bargon nake kallo, inda gwiwar hannun Dada ta turo shi. Na san wannan lanƙwasar. Yatsan yana wurinsa, kuma wannan karon bai sauka ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge bargon, na sunkuci kaskon da hannu, na ture ƙofa da ƙafa, na jefa shi cikin bahon wankin matar maƙwabci. Sai da ya yi cuuu na ji yatsuna. Na juyo na same su duk sun fito suna kallona, har da 'yan hayan sauran ɗakunan. Sai maganar ta fito, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba.

“Ba aljani ba ne. Iskar da ake shaƙa yake nufi. Hayaƙi ne ya lalata mata zuciya, ya ce zai iya kashe ta, ku kuma kun rufe ta da shi.”

Mai hayaƙi ne ya fara farfaɗowa. Ya ja da baya, ya nuna ni da yatsa, ya ce a lura, aljanin ya bar tsohuwar ya koma kan yarinyar. Goggo ta ce wallahi gaskiya ne, shekara goma sha biyar tana tare da yarinyar nan ba ta taɓa jin wannan muryar ba. Baffa ya ce a kawo wani garwashin. Kun ji inda labarin aljanin da ya ƙona ni ya samo asali.

Anti Bilki ce, Allah ya saka mata, ta tuna da wadda ake yi dominta. Ta jawo Dada waje ta jingina ta da bango tana mata fifita. Fuskarta ta yi toka-toka, gumi yana tsattsafowa. Ta daɗe tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Da ta samu na magana, sai ta ɗaga hannu kaɗan.

“Ku rabu da Mujiya. Abin da yaron nan mai gilashi ya faɗa ke nan.”

Goggo ta ce to Dada me ya sa ba ki faɗa ba? Dada ta ce ba wanda ya tambaye ta. Sannan, a karon farko tun da aka haife ni, ta ce ƙirjinta yana ciwo. Wannan kalmar ta fi ihuna aiki. Baffa ya fita da gudu ba hula ya taro adaidaita. Mai hayaƙi kuwa ban ga fitarsa ba, sai ƙarar babur.

A asibiti suka kwantar da ita, suka sa mata wata roba a hanci da ke haɗe da doguwar tukunyar ƙarfe. Ta tambayi nas ɗin mene ne wannan. Nas ta ce iska ce, Mama. Dada ta rufe ido ta ce, “Wata kuma?” Ni ma aka wanke mini yatsu aka naɗe, nas tana mini faɗa wai ba a ɗaukar wuta da hannu, kamar ni ban sani ba.

Washegari da safe likitan ya zo zagaye. Baffa ya ba shi labari yana kallon ƙasa. Likitan ya cire gilashi ya dafe goshi. Sannan ya ce laifinsa ne, bari ya faɗa da Hausar da kowa zai gane, ya ɗaga murya ya ce, “Hayaƙi ne…”

Goggo ta tafa hannu ta juyo gare mu. Ta ce kun ji ko, ai shi muka yi mata.

Sai da ya sa ta ajiye wayar a kan gado, ya ce kada ta taɓa ta sai ya kai aya. Ya maimaita komai daga farko, a hankali, yana tsayawa yana tambayata kalmar da ta dace. Da ya zo kan turaren wuta Goggo ta ce ai nata na asali ne, ba irin na kasuwa ba. Ya ce huhu ba ya karanta sunan kamfani.

Da suka fita karɓo magani aka bar ni da Dada. Ta jawo hannuna ta juya shi tana duba bandejin. Na daɗe ina tattara tambayar kafin na ce, Dada, tunda kin ji abin da ya ce, me ya sa kika zauna aka rufa miki bargo?

Ta saki hannuna.

“Na ji shi sarai,” ta ce. “Amma in aljani ne, a kore shi in koma murhuna. Wannan kuwa murhun za a kora. Shekara nawa ina hura wutar nan ina ciyar da su, yanzu a ce ita ce ta ci ni?”

Na gyara mata robar hancin, duk da ba ta goce ba.

Kwana biyu aka sallame mu. A dawowa ni na roƙi abin murɗa gilashi da bakina, direban har ya waiwayo ya ga wace ce. Goggo ba ta yi waya ba sai da muka wuce Wudil. Na ji tana gaya wa mutanen Garki cewa abin biyu ne ya haɗu, akwai na asibiti akwai na gida. Har yau a kan haka take.

Abba ya fito da duwatsun nan uku daga ɗakin ajiya ya kafa su a fili ƙarƙashin darbejiya. Ranar Juma'a kawai ake kunna su, Dada tana zaune nesa ta ɓangaren da iska ke tahowa, tana ba da umarni kamar mai gadin makaranta. Sauran kwanaki tana cin tuwon gas tana cewa ba laifi, da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya. An sayo gidan sauro. An daina ƙona shara a bayan katanga. Janaretanmu ya koma can ƙarshen gida.

Abu ɗaya ya rage. Maƙwabcinmu Alhaji yana da wani babban janareta da bakin salansarsa yake kallon tagar Dada daidai. Abba ya yi sati yana shirya yadda zai yi masa magana, kullum ya fita sai ya dawo ya ce sun gaisa. Ashe ba daga ƙasa na ɗauko nawa halin ba.

Ranar Asabar matar maƙwabcin ta shigo dubiya da lemo a leda. Ta zauna ta sassauta murya, ta ce Dada ashe abin da ya faru ke nan, an ce iska ce.

Dada ta ce iska ce.

Matar ta matso, ta ce Allah ya raba mu da su, an dai gane daga inda take?

“An gane,” in ji Dada. “Kullum bayan magariba take shigo mini ta tagar nan. A gidanku take kwana, Alhaji ne yake ba ta fetur.”

Kafin azahar ta Lahadi an zo da mai walda an juya salansar.

Ba warkewa Dada ta yi ba, likita ya ce abin da ya tauri ba ya komawa, sai dai a hana shi ƙaruwa. Ina nan ina kallon yatsan. Jiya sau ɗaya na ga ta kai shi ƙirji, ta ɗago ta kama ni.

“Ki faɗa mana,” ta ce, “tunda yanzu kin yi baki.”

Na je na faɗa wa Abba.